Ƙarfen Haƙarƙari

A Ƙofar Ruwa, bayan masu rodi,
Ilu ya kwanta kan kwali
ƙarƙashin motar da ba tasa ba.
Ni ke miƙa sifana.

Nafi'u mai haƙar rijiyoyi
ya dawo daga Riruwai da ƙofa a lotse,
dutse ya cije ta kamar kura.
Ya ce a sa masa mataki mai ƙyalli.

Ilu ya tofar da tuƙar goro.
Kwalliya ke nan, in ji shi,
dutse kuwa ba ya duba fenti.

Ya ɗauko bututu mai kauri,
ya ƙwanƙwasa, ya saurara
kamar mai sayen tukunya.
Ba a bodi zai rataye shi ba,
bodi ɓawon albasa ne.
A ƙashin motar, can ciki,
ƙafa uku kowane gefe,
noti a ɗaure tamau, walda kan faranti.

Sai aka ɗauke wuta.
Muka ci gurasa,
la'asar ta wuce kafin tartsatsi ya dawo.

Da ya gama bai ce uffan ba.
Ya kafa jak a ƙarƙashin ƙarfen
har tayoyi biyu suka bar ƙasa.
Ƙofa ta buɗe, ta rufe lafiya.

Bayan damina motar ta zo juyen mai.
Na leƙa:
ƙarfen duk ƙarzuwa, fenti ya tafi,
tsatsa ta fara a kusurwa.
Ilu ya shafa tabon da yatsa,
ya ce in kawo buroshi.