Ƙwayar Riɗi

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
akwai benci mai ƙafa uku da bulo ɗaya.
Nan muka jeru da safiyar Talata,
kowa da takardarta a naɗe a bakin mayafi.

Sati bakwai. Ɗigon jini tun daren Lahadi.
Daktora Intisar ta shafa min mai a mara,
ta zagaya, ta sake zagayawa,
allon ya yi duhu kamar tsohuwar rijiya.
Ta ce, ta sama ba ya ganuwa tukuna,
sai dai ta ciki, in kin yarda.
Fita ki yi shawara da zuciyarki.

Na fito da maganar a baki kamar garwashi.

Inna Tabawa, mai rakon jika, ta riga kowa:
Tara na haifa a Mai Wurno,
ba wanda ya leƙa min tukunya kafin ta nuna.
Abin da Allah ya rufe, wa ya aike ki buɗewa?

Hurera ta matso, tana ƙamshin jabana.
Wai wata a unguwarsu an yi mata ran Alhamis,
ran Asabar cikin ya zube.
Na ce wace ce?
Ta ce ita dai ji ta yi.

Jikar Inna ba ta tanka ba,
gwiwa kawai take matsewa, ido a kan silifas.
Na gane kunyarta, uwarsu ɗaya da tawa.

Can ƙarshen benci, wajen bulon,
Batula ta ɗage gefen riga
muka ga tabo, tsawon ɗan yatsa.
Nawa bai isa mahaifa ba, a hanya ya yada zango.
An ce a duba ta ciki, na ce sai na sake dawowa.
Na dawo ɗin, a raksha, ban san inda kaina yake ba.
Ba ta ce min yi ba, ba ta ce bari ba.
Ta sauke riga, ta koma kan carbinta.

Na tuna biyun da suka wuce ni,
ba suna, ba ko ɗan hoto.

Na koma ciki da tambaya uku.
Wa zai shigo? Ba kowa, ga sakata.
Zai taɓa shi? Ba ya kaiwa ɗakinsa.
In na ce tsaya fa? Sai in tsaya.

Ta lulluɓe ni har gwiwa.
Sanyi na ji, da ɗan nauyi,
na kafa wa fanka ido ina salati,
janareta na tari a bayan taga.

Sai ta juyo min allon.
Can ƙasan rijiyar
ga wani abu, ƙwayar riɗi ma ta yi masa girma,
yana ƙiftawa, yana ƙiftawa,
kamar mai sauri zai je wani wuri.

Ta ce ki huta, ki dawo bayan sati biyu,
ban yi miki alkawari ba, amma yau yana nan.

A waje Inna Tabawa ta taɓe baki:
Ashe sai da kika yarda.
Ta karɓi hoton, ta riƙe shi a juye,
ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa.
To, ina yaron yake a nan?

Ina nuna mata da farce
aka kira sunan jikarta.