Zafin Aro

Rigar sanyin da na saya tun Satumba,
fam goma sha biyu a shagon gwanjo na titin Hessle,
tana rataye bayan ƙofa, hannuwa a sake,
kamar baƙon da ya zo biki tun ba a ɗora tukunya ba.
Kullum in wuce ta, in ce mata: yi haƙuri.

Ga Oktoba ta kusa naɗe tabarma,
amma garin Hull ya ƙi yarda.
Ganye ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, ya zubo,
mutane na taka shi da silifa.
Direban bas ya naɗe hannun riga,
mai askirim da ya yi mana sallama mako uku da suka wuce
ya dawo da kiɗansa, ko kunya babu.
Kaka ce, in ji kalanda.
To, wannan kakar ta sa janbaki, ta ja gira,
ta fito dandali.

A gidan tsofaffin da nake aiki
Mista Desmond ya ce in tura shi lambu.
Tamanin da bakwai, tsohon masuncin teku,
yatsu biyu sanyi ya cinye masa a jirgi.
Ya miƙa wa rana ragowar takwas ɗin
kamar mai karɓar canji.
Ya ce, "Barau, wannan ba tamu ba ce.
Wani ne ya manta da ita a nan,
zai dawo nema."
Na ce a garinmu cewa ake kayan aro ba ya rufe katara.
Da na warware masa, ya yi dariya har da tari,
ya ce in matsar da keken, inuwa ta kamo shi.

Barkonon da na shuka a bokitin fenti,
irin da Inna Tasalla ta ƙulle mini a leda,
shi ma an yaudare shi:
jiya ya fid da fure biyar, farare, ƙanana.
Ban san da wane baki zan gaya masa ba.
Wani ƙudan zuma da labari bai kai wa ba
ya zo ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Da magariba mai hasashen yanayi ta fito a talabijin,
ta shafi taswira da tafin hannu
daga arewa zuwa kudu, shuɗi na bin ta.
Laraba iska za ta juya.
Alhamis a nemi bargo.
Juma'a da asuba raɓa za ta daskare a gilashin mota.
Tana faɗa tana murmushi
kamar mai rabon goron gayyata.

Ni ma zafin nan bai kwanta mini ba.
Zaƙi ne mai ɗan bauri a ƙarshen harshe,
irin alherin da ba ka san dalilinsa ba.
Mitar gas ta huta, na gode,
gwiwata ta bar ƙara a matakala,
amma Desmond ya ce yana yaro,
war haka numfashinsa yake gani a hanyar makaranta.
Ya faɗa, ya yi shiru,
ya daɗe yana kallon wajen kogin Humber.

Rana ba ta ƙarya.
Daren Talata zan shigo da bokitin ɗaki,
in ajiye shi gindin taga.
Zan sauke rigar, in zazzage aljihunta;
akwai tsohon tikitin bas a ciki,
na wani da ya riga ni sanin sanyin garin nan.

Amma yau Litinin.
Na shanya zannuwan gado a igiya,
na tuɓe takalmi, na taka ciyawa.
Desmond na jira na gobe ƙarfe biyu.
Ya ce in zo da wuri,
kafin mai ita ya iso.