Kaset na Sittin da Uku

Na iso Ikko daga Maraɗi da jaka ɗaya,
takardun makaranta a sama, girman kai a ƙasa.
Na ce wa inna, zan je in taimake su.
Ta ce, Allah ya sa.

Gidan adana al'adun yana Ebute Meta, bayan layin dogo,
bene ne da ruwan sama ya lashe wa fenti.
Ganguna a jingine, adire a rataye,
hotunan mutanen da aka manta sunayensu.
Ba albashi.
Shinkafa da rana, kuɗin danfo,
da katifa a ɗakin da ke maƙwabtaka da janareta.

Madam Abike ta dube ni sama da ƙasa,
ta turo kwali da ƙafa:
kaset ɗari da sha bakwai,
muryoyin fataken goro na Agege.
Wanda ya naɗa ya rasu bai rubuta ko layi ba.
"Ka ce kana jin Hausa? To, ji, ka rubuta."
Na ce aikin mako uku ne.
Ta yi dariya har ɗaurin kanta ya goce.

Kaset na farko ya kayar da ni.
Tsoho yana tari, yana lissafi:
marsa kaza, minu kaza, daushe ya yi tsada,
sankara ta shiga huhu bakwai a hanyar Shagamu.
Ni da nake gyara wa mutane Faransanci,
ga ni baƙo a harshen da na tsotsa.

Dehinde mai shara shi ya zama malamina.
Da biro yake mayar da zare,
da jan farce yake haɗa wanda ya tsinke,
yana hura masa iska kamar mai lallashin ciwo.
Ban taɓa gaishe shi da fari ba kafin ranar.

Wata huɗu ina tace muryoyi.
In an yi tari, in tsallake.
In zakara ya yi cara, in jirgi ya wuce,
in wani ya yi kira daga nesa,
sai in rubuta: hayaniya.

Ran wata Laraba na ɗauki rikoda zuwa Agege
neman mai fassara mini kalmomi uku.
Aka nuna mini Hajiya Tabawa,
tana zaune tsakanin kwanduna,
tana yayyafa wa ganyen fita ruwa.
Na kunna na sittin da uku.
Hannunta ya tsaya.

"Mayar baya."
Na mayar.
"A'a, ba cinikin ba. Can, inda ya daka tsawa."

Ƙarƙashin ƙugin jirgi,
daidai inda na rubuta hayaniya,
wani mutum yana cewa:
Ke Tabawa, sauka daga kan huhun nan!

Sau biyar muka ji.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Ban sauka ba kuwa ran nan."
Ta ɓara goro, ta miƙo mini rabi,
ta juya ga mai sayen da ke jira.

Na koma a danfo, cunkoson Oshodi ya riƙe mu,
ɗacin yana narkewa a bakina.
Da dare na ciro littattafaina huɗu,
na koma kaset na ɗaya.
Yanzu tari ma yana da layinsa.

Jiya inna ta kira.
Ta yi ta labarin akuyar maƙwabta,
da rufin da ke yoyo, da wanda ya rasu a Tibiri.
Ban ce kati zai ƙare ba.
Can ta yi shiru, ta ce, "Kana nan kuwa?"
Na ce ina nan, ci gaba.
Ta ce, "Me Ikko ta yi maka?"

Wata goma sha ɗaya ke nan.
Saura kaset ashirin da bakwai,
kuma biron Dehinde yana aljihuna.