Tukunyar Wiebke

A hawa na huɗu, can unguwar Altona,
inda kukan jiragen ruwa ke shigowa ta taga,
Wiebke ta ɗora tukunya mai murfin matsi.
Ba dankali a ciki, ba kifi,
sai siraran sandunan ƙarfe uku,
masu santsi kamar ruwan da ya daskare.
Ni, Torben, shekara hamsin da biyu,
ina zaune ina kallon agogo.

Ta ce, wanda ya ƙosa da jiran tururi
bai isa a buɗe masa wannan ƙofa ba.

Ƙofa ce ƙarama, hanyar fitsari,
an yi ta don fita, ba don baƙi ba.
Baƙon da zai shiga
sai ya yi wankan da ya fi na ango.
Ta daga kowane ƙarfe a gaban fitila
tana neman tsaga ko kaifi.
Ta yanke farce tun jiya.
Sabulu har gwiwar hannu, safar roba,
man santsi na asibiti a ƙaramar leda,
in an yaga, ta gama aiki, sai kwandon shara.
Kwalbar giya tana can saman kabad,
ba ta da gurbi a wannan dare.

Mun san abin da ya sami Hauke.
Shi kaɗai a ɗakinsa, da abin da ya tsinta a aljihun tebur.
Kwana uku yana rawar ɗari a cikin bargo,
yana cewa mura ce.
Kunya ta kusa cinye masa ƙoda.
Likitar da ta duba shi ko gira ba ta ɗaga ba,
ta ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya,
da ka zo tun Talata.

Shi ya sa muke da kalma tsakaninmu: lemo.
In na furta, hannu ya tsaya cak,
ba tambaya, ba fushi.
Ba ta turawa. Nauyin ƙarfen kansa ne jagora,
in hanya ta ƙi, an haƙura.
Zafi ba jarumta ba ne,
saƙo ne jiki ya aiko, a karanta.

Bayan nan, kofin ruwa, wani kofin,
sannan bayan gida, a wanke hanya daga ciki.
Ta manna takarda a jikin firji:
in zazzaɓi, in jini, in fitsari ya ƙi fita,
ga lambar asibiti, kada a jira gari ya waye.

Maƙwabta na jin tukunya tana huci
suna zaton miya muke yi.
Ni kuwa duk kalaman so da na taɓa ji
babu wanda ya kai wannan:
mace tsaye a bakin famfo
tana sake wanke hannu saboda ni.