Sunana a Bakin Inna

Shekara arba'in da shida
Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba.
Ƴar fari ce ni.
"Ke yarinya," ko "waccan,"
ko ta yi gyaran murya, in waiwayo.

Yanzu da hankalinta ya kuɓuce
kamar guga daga hannun mai ja,
kunyar ma ta bi shi rijiya.
Ƙarfe ukun dare a Bukoki, an ɗauke wuta,
fanka ta tsaya cik,
sai in ji: Habsatu. Habsatu.
Tiryan-tiryan, babu ko sakayawa.

Na tashi. Na sake zanen gado.
Na wanke ta kamar yadda ta wanke ni,
sai dai ni da aka ɗaga ni nauyina ƙaruwa yake,
ita kullum raguwa take a hannuna.

Mantau ya aiko jika ashirin daga Abijan
da saƙon murya mai tsawo:
a riƙa ba ta madara, a yi haƙuri, akwai lada.
Takardar likita ta cinye sha bakwai.
Ladan na sa shi a ina, Mantau?
Mai farmasi ba ya karɓa.

A lakwal jiya na rubuta kwanan wata a allo,
na tsaya da alli a sama,
na manta wane wata muke.
Yara sittin suna kallon bayana.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba.
Ran Talata na sauka taksi a Wadata,
na sayi ruwan leda, na zauna kan benci
kusan awa guda,
ba na jiran kowa.
Daɗin da na ji ya ba ni tsoro.
Na koma gida ina istigfari,
na tarar ta zubar da kunun,
tana tambayar kakata da ta rasu tun ina goye.

Maƙwabta na cewa, Allah ya ba ki masu yi miki.
In ce amin,
in dubi ɗiyata tana murza mata ƙafa,
in ji amin ɗin ya tsaya mini a wuya.

Ga shi kuma tana kira.
Ina ƙarama na sha laɓewa bayan ƙyaure
ko zan ji ta faɗe shi sau ɗaya.
Daren nan na ƙirga sha huɗu.

Na'am, Inna.
Bari in laluba takalmina.