Kurmi Ba Kirya

Turmin Inna ya tsage ranar Talata,
tana tsaka da dakan daddawa da barkono.
Ta jingine taɓarya, ta dube ni:
"Shekara arba'in bai taɓa yi min gardama ba.
Kai shi wurin Cindo, kada ka bi da shi wata hanya."

Ni kuwa roba nake sayarwa a Ƙofar Wambai,
bokiti, baho, kwando mai ruwan ɗorawa;
abin da ya fashe, bola ce makomarsa.
Na ɗaure turmin a bayan babur
ina sunkuyar da kai kamar mai dakon abin kunya.

Kawu Cindo na nan inda na san shi tun ina yaro,
lungun bayan 'yan kaba, can cikin Kurmi,
sassaƙe ya binne masa idon sawu.
Ya amsa sallama idonsa na kan turmin,
ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne,
kamar mai sauraron guga a ƙasan rijiya.

"Ni na saro shi," ya ce, "kudu da Rano.
Kwana uku muna tafe, ni da Jatau da jaki.
Ba mu ɗauki igiya ba, ai kalgo na nan:
ka ɓare, ka jiƙa, ka murza a cinya,
ya ɗaure kayan da jaki zai yi wa nishi.
Ƙishi ya matsa, muka tone yashin rafi;
yunwa ta zo, muka kaɗo ƙanya.

Ba kowace bishiya ake nuna wa gatari ba.
Mai sheƙar tsuntsu, a wuce ta.
Marke na ƙota ne, geza ta kwando,
reshen da ya miƙe ya isa muciya.
Turmi kuwa, ɗana,
turmi sai kirya."

Na ce, to a sassaƙa mata sabo mana.
Ya yi dariyar da ta ƙare da tari.
"'Yan gawayi sun riga ni.
A buhu take shigowa birni yanzu, baƙa wuluk,
a gasa masara da ita a bakin titi.
Ni mangwaro ake kawo min, da darbejiya.
Sunan kasuwar nan Kurmi, ko ba haka ba?
Leƙa waje, nemo min bishiya ɗaya."

Ya narka ƙaro a kasko ya ɗura a tsagar,
ya yanko ɗanyar fata ya naɗe bakin,
yatsunsa shida na ja, tsokar hannu na rawa.
Sai ya miƙo min gizago:
"Feƙe min ɗan itacen da zan cusa nan."
Saran farko iska na samu.
Na biyu ya sami babban yatsana.
Ya tauna ganye ya manna min, bai ko ce sannu ba:
"Ya karɓi gaisuwarka. Sake, a hankali,
bi inda jijiyarsa ta kwanta.
Hannu na ƙarya, itace ba ya ƙarya."

Da na zaro kuɗi ya kawar da kai.
"Ƙwaryar da nake jiƙa fata ta fashe tun bara.
Cikin bokitan nan naka, aiko min ɗaya."

Yau da asuba dakan Inna ya tashe ni.
Muryar turmin ta ɗan dushe,
irin ta tsohon da ya tashi daga jinya.
Akwai guntun sassaƙe a aljihun rigata,
tare da canji da makullin rumfa.
In kasuwa ta yi shiru nakan shinshina shi,
in ji ƙamshin dajin da ban taɓa takawa ba,
in duba yatsana, tabon na nan lafiya.