Mai Riƙe da Tawul

Ni ne mai bokiti da tawul,
wanda lasifika ba ta san sunansa ba.
Ƙanena Tanimu ke shiga keji,
ni ina bayan raga ina ƙirga numfashinsa.

Da bazara aka buɗe kakar wasa.
Rana na gasa kwanon rufi a Kwangila,
shi yana gudu cikin rigar leda
daga gada har gindin Kufena,
don sikeli ya ce kilo saba'in,
kada a ɗora ko ƙwayar gero.
Inna ta kwashe tuwon dawa, ta yaryaɗa man shanu,
ya dubi kwanon, ya tofa yawu a gwangwani, ya juya bango.
Ta ce, wace irin sana'a ce wannan
mai fara cin mutum kafin ya ci ta?

A dambe ya tashi, hannu guda ya sani,
tun yana sha uku ake naɗe masa shi.
Nan kuwa ƙafa halal, gwiwa halal,
faɗuwa ma ba kisa ba ce,
a ƙasan ake soma zance.
Karon farko, wani gajere ɗan kokawa daga Muciya.
Turmi na biyu dama ta sauka a muƙamuƙi,
gajere ya zube kamar buhun da aka kwance wa baki.
Maki biyar.
Na rubuta da alli a ƙofar shagon waldata,
ƙarƙashin sunayen masu cin bashina.

Ruwa ya sauka, Kubanni ta cika ta batse.
Karo na biyu alƙalai suka raba mana hankali,
ɗaya ya ba mu, biyu suka hana.
Na uku ya shaƙe wani dogo ɗan Wusasa
har dogon ya bubbuga ƙasa sau uku
kamar mai neman aron wuta a gidan maƙwabci.
Da aka tashi, shi ya goya mu a babur,
mu uku, leda ɗaya a ka, cikin yayyafi,
suna gardama kan wanda ya fi wani warin hamata.

Sunansa ya riƙa hawa da sauka a jadawali
kamar guga a hannun yaro.
Mai shayin Tudun Wada ya fara ƙara masa ƙwai.
Masu cewa wasan mahaukata ne
suka koma tambayata nawa ake biya.

Sai kaka ta iske kaka.
Ana karyar masara a Basawa,
mu saura mana ƙofa ɗaya mu hango kambu.
Jatau ne a bakinta, mai ƙwauri kamar taɓarya.
Turmi na farko gira ta tsage.
Na danna auduga, na shafa basilin,
jini ya yi biris da ni.
Turmi na biyu ya ƙare, ya nufi kusurwar da ba tamu ba,
sai da na janyo shi.
Na ɗaga yatsu, na ce nawa ne?
Ya yi murmushi, ya ce, Inna ta iso?

Inna ba ta taɓa taka wurin nan ba.

Aka buga ƙararrawa, ya miƙe.
Tawul ɗin bai kai nauyin tattabara ba,
amma da hannu biyu na ɗaga shi.
Ihun da aka yi mini har gobe yana kunnena.

Ɗinki bakwai a Shika.
A hanyar gida ya ce, ba Jatau ya kayar da ni ba, kai ne.
Daga nan ya kulle baki.
Kwana sha tara muna cin tuwo a kwano ɗaya,
hannu na gamuwa da hannu, ido na kauce wa ido.
Ruwan ƙarshe ya wanke allin ƙofa,
makin ya tafi, bashin ma ya tafi.

Yau da asuba na fito alwala,
na yi tuntuɓe da bokiti a bakin ɗakina.
Tawul na ciki, wankakke, an ninke shi huɗu,
tabon jinin bai gama fita ba.
Can a lungu na ji sawun gudu,
da ƙarar rigar leda tana nisa.